Na Ɗauka Fura Ba Ruwa Ba Ce

A lokacin ina matar aure mai ɗiya uku a Tamaske, ban taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Maigidana manomi ne. Bayan farin da ya kashe mana dabbobi a shekarun tamanin, ƙafafunsa suka fara kumburi, fitsari ya ragu. Da muka je gidan likita a Madawa aka ce ƙoda ce, kuma injin da ke wanke jinin masu wannan ciwo ba ya kusa da mu. Aka haɗo mu da ƙwayoyi kala shida. Majon da ke duba shi, wato malamin asibiti, ya nuna mini wani ɗan kwano, ya ce ruwan da zai sha ke nan a yini, kuma duk sati biyu mu komo a aza shi bisa kilo.

Haɗiyar ƙwayoyin kaɗai takan cinye rabin kwanon kafin azahar. Suna busar masa da baki har leɓensa ya tsage. Yakan kira ni da sunan ɗanmu na fari, ya roƙe ni don Allah in jiƙa masa maƙogwaro. Na kasa jurewa. Sai na riƙa dama masa fura mai ruwa-ruwa, ina gaya wa kaina ai abinci ce. Da muka koma, nauyinsa ya ƙaru. Majo ya tambaye ni ko yana wuce kwanon, na rantse ba ya wucewa. Ban ambaci furar ba, don tsoron faɗa. Sai ya ce to maganin ne ya yi kaɗan, ya ƙara wasu ƙwayoyin. Ƙishi ya ƙaru, ni ma na ƙara fura. Kumburin ya hau har ciki, ya daina iya kwanciya, sai zaune yana haki. Ranar da na faɗi gaskiya, majo ya ce fura ma ruwa ce, amma ciwon dama ya fi ƙarfinsu. Ya rasu kafin a yi shuka.

Na san kwana ya ƙare, amma har yau ban sani ba ko na rage masa wahala ne ko na ƙara. Masu jinya, kome kuka ba marar lafiya ku gaya wa likita, ko da zai yi muku faɗa. Faɗan yini ɗaya na gudar wa kaina, ga shi na tsufa ina yi wa kaina shi.