Fitila Na Ci, Na'ura Na Kuka

Har gobe ban manta da ranar da na zauna a kan igiyar Baba Idi ba, a wani ƙauye kusa da Zandam ta ƙasar Gwaram. Da bazara ne, a shekarata ta biyu da fara aiki. Ku da kuka zo aikin nan yanzu kun tarar da ofis da mota. A lokacin shago ɗaya gare mu a Kano, muna haɗa 'yar na'urar da ke shinshinar iska, ta yi kuka in akwai guba. Ni ne ƙaramin ma'aikaci, don haka ni manaja ya tura in gwada ta wajen masu yasar rijiya, wato masu sauka su kwashe laka in ruwa ya ja baya.

Rijiyar ta unguwa ce, mutane da shanu ita suke jira. Tun da safe aka zura injin ban ruwa cikinta ya zuƙe sauran ruwan. Sale, abokin aikin Baba Idi shugaban masu yasar, shi ya sauka ya ɗauro injin aka fito da shi. Na tarar da shi kwance a gindin darbejiya yana amai, wai kansa zai tsage. Aka ce zafin rana ne.

Baba Idi ya yi abin da ya gada. Ya kunna fitilar ƙwai ya zura ta har ƙasa, domin a ƙa'idarsu in ta mutu ba a shiga. Ba ta mutu ba. Ni ma na zura na'urata, ko rabi ba ta kai ba ta ɓarke da kuka.

Aka kwashe da dariya. Baba Idi ya ce rediyona tsoron duhu yake ji, ya shiga ɗaura igiya a ƙugu. Na yi ta bayani cewa hayaƙin inji yana barin gubar da ba ta wari, kuma ba ta kashe wuta sai mutum, amma ba mai saurarena. Mai unguwa ya ce rana na yi, in bar mutane su yi aikinsu. Gaskiya na tsorata. Duk da haka na tattara sauran igiyar na zauna daram a kanta.

"Ɗan nan, tashi," in ji Baba Idi. "Fitilar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Na ce, "Baba, ba ƙarya ta yi ba. Wanda ya koya maka ita, a zamaninsa ana sa inji a rijiya? In marina za ka yi ga ni, amma ba zan tashi ba."

Ya dube ni, ya dubi Sale. Can ya kwance igiyar. Aka ɗora Sale a babur zuwa asibiti. Muka saro rassan darbejiya masu ganye muka ɗaure, muna zurawa muna ja don iskar ciki ta canza, har tafin hannuna ya saɓule. Sai bayan la'asar na'urar ta kai ƙasa shiru. Baba Idi ya rataya ta a wuya ya sauka, ya yashe rijiyar, ya fito lafiya.

Yana wanke laka ya kira ni gefe, ya ce ƙanensa a rijiya ya rasu shekarun baya, shi ma bayan an fitar da inji.

"Da hannuna na zura fitilar, na ce masa shiga. Muka ciro gawarsa fitilar tana nan tana ci. Duk shekarun nan aljanin rijiya nake zargi."

Na ce Allah Ya ji ƙansa. Tun ranar na daina cewa taurin kai ke kashe mutanenmu. Suna da ƙa'ida, kuma suna bin ta sau da ƙafa. Inji ne ya shigo musu, ba wanda ya tsaya ya gaya musu abin da ya zo da shi. Saboda haka in an tura ku ƙauye, kada ku miƙa na'ura ku juyo. Ku kafe har sai an fahimta, domin duk wanda zai sauka rijiyar nan ƙanen wani ne.