Ƙwayar da Ba a Dakawa

"Kin ji wadda aka kwantar a gadon bakin taga?"

"Wa?"

"Sista Ɗaga-Harshe."

"Ke don Allah! Ashe ita ma tana ciwo?"

"Hawan jini. Rage murya, ko tana barci tana ji."

Kafin a gama gugar ƙasa ta safe, labarin ya zaga asibitin.

Sunan ya samo asali ne daga aikinta. Duk tsawon shekarun da ta yi tana tura keken magani a ɗakin mata, ba ta taɓa miƙa ƙwaya ta juya baya ba. Sai ta tsaya kin haɗiye, kin buɗe baki, kin ɗaga harshe ta leƙa. Ta kama masu ɓoyewa a kumatu, da masu turawa ƙarƙashin matashi, har da wata da ke tara nata a ɗankwali don ta kai wa mijinta, wai shi ma yana jin irin ciwon. Ko ta san ki tun kina goye, sai kin faɗi sunanki ta duba kati kafin ta buɗe kwalba. A gida ma haka take. Mijinta ya sha cewa, "Ni ne dai, wanda ya aure ki," ita kuwa ta ce ba wannan ta tambaya ba.

Yanzu ga ta a kwance, kai na sara mata, likita ya ce in jinin bai sauka ba ana tsoron shanyewar ɓarin jiki. Mai kula da ɗakin tsohuwar ɗalibarta ce, wadda yanzu ita ma ta fara furfura. Ta zo da ƙwaya ɗaya a ɗan kofi, ta tambayi suna, ta duba kati. Sista ta gyaɗa kai, alamar tarbiyya ba ta ɓaci ba. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Samo mini cokali biyu."

"Na me, Anti?"

"Na daka ta."

Mijin, da ke zaune kan kujerar 'yan dubiya, ya yi gyaran murya.

"Ai ba ta iya haɗiyar ƙwaya ba. Tun muna amarci daka mata nake."

"Wa ya sa da kai?"

"Anti," in ji ɗalibar, "ke kika koya mana irin wannan ba a daka ta. A hankali take sakin magani har yini ya ƙare. In aka farfasa, gaba ɗaya zai afka cikin jini, ki zube mana a nan."

"Na san karatuna. Yi mini allura."

"Likita bai rubuta allura ba."

"To ta ruwa."

"Babu ta ruwa."

Sista ta dubi ƙwayar kamar an ce ta haɗiye murfin kwalba. Ta ɗora ta a harshe, ta kafa kai ta shanye kofi. Ruwa ya wuce, ƙwaya tana nan daram. Ta sake. Ruwa ya sake wucewa shi kaɗai. Matan ɗakin duk sun tashi zaune, har wadda aka ce kada ta motsa.

"Sista, buɗe mu gani!" wata ta yi kira daga can ƙarshe. Ɗaki ya kwashe da dariya, mai ɗinki a ciki tana yi tana riƙe ciki.

Ƙwayar ta jiƙe ta fara saɓulewa. Ɗalibar ta karɓe ta da auduga ta jefar, ta rubuta a kati cewa ba a sha ba, ta ɗauko sabuwa. Ta kuma auna jinin.

"Nawa?"

"Bai sauka ba, Anti."

Dariya ta ɗauke. A gadon kusa akwai wata tsohuwa marar haƙori ko ɗaya. Lokacin nata maganin ya yi; aka ba ta ƙwayoyi manya-manya, ta watsa su baki, ta kurɓi ruwa kaɗan, ta ɗan sunkuyar da haɓa, shi ke nan. Har da hamdala.

Sista ta daɗe tana kallon maƙogwaron tsohuwar. Sannan ta gyara zama, ta karɓi kofin.

"Inna, don girman Allah, matso kusa ki nuna mini yadda kike yi da wuyan nan naki. A hankali, kamar kina koya wa yaro."