Ranar da Lasifika ta Tona Mini Asiri a Kasuwar Bakori

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa manta wata ranar kasuwar Bakori ba, ranar da na tsaya gaban ɗaruruwan mutane ɗaure da zane, bakina a hangame, babu abin da ke fita.

Lokacin muna ƙarƙashin jihar Kaduna, ina koyarwa a wata firamare a Funtuwa. Muna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo, malaman gona kan ɗebe mu zuwa kasuwanni mu nuna wa manoma yadda ake amfani da takin zamani. Dandalinmu tirelar tarakta ce. Ba mu da mace a cikin 'yan wasa, don haka ni da Allah bai ba gemu ba, ni ne matar gida a kowane wasa. Matsalar ita ce muryata. In na ƙanƙance ta sai ta fito kamar ta ɗan akuyan da aka taka.

Shugabanmu, wani hedimasta mai son a ce ya iya, shi ya samo magani: telarmu. Wata mata ce da shan inna ya shanye wa ƙafafu tun tana yarinya, tana ɗinki da keken hannu, ita ke ɗinka mana kayan wasa. Yau ana cewa masu buƙata ta musamman, a zamanin kuwa gurguwa kawai ake cewa, ita ma haka take kiran kanta kafin wani ya riga ta. Bakinta kuwa, Allah ya tsare ka. Sai aka tsara a riƙa shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin tirela, a kewaye ta da buhuna, a ba ta makirufo. Ita ke magana ta lasifika, ni ina sama ina motsa baki ina karairaya. In an yi tafi, ni nake karɓa.

Shekara biyu tana roƙon a bar ta ta hau sama ta yi wasanta da kanta. Kullum amsar hedimasta ɗaya ce.

"Malama, rufa miki asiri muke yi. Mutanenmu in sun gan ki, bara za su ɗauka kin zo yi."

Ni ma nakan gyaɗa kai, har in ƙara da cewa gaskiya ne. Ranar da muka nufi Bakori ta ce mana a cikin mota, in yau ma ƙarƙashin tirela ne, to daga yau mu nemi wata. Muka yi dariya, don ta sha faɗi.

Bayan la'asar kasuwa ta taru. Wasan na wani magidanci ne da ya ƙi jin shawara, ya tula taki a gindin masara har ta ƙone. Na fito cikin atamfa da ɗankwali, na cusa tsummokara a gaban riga, ina yanga. Wanda ke fitowa a mijin ya ce, "Uwargida, gona fa ta lalace." Na riƙe ƙugu, na buɗe baki. Shiru. Na sake buɗewa. Shiru. Ina ta buɗewa ina rufewa kamar kifin da aka fitar daga ruwa, gumi na wanke hodar da na shafa.

Can sai lasifika ta yi gyaran murya.

"Jama'a, don Allah ku dubi ƙafar matar nan da kyau. Kun taɓa ganin mace da kaushi irin wannan? Ƙato ne, malamin aji huɗu!"

Kasuwa ta ɓarke da dariya, har masu awon dawa suka baro buhunansu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Hedimasta ya ruga zai cire waya daga batir, amma ta riga shi.

"Matar gidan tana nan ƙarƙashin mota, ƙafa ce ba ta da ita. In kuna son ku gan ta, mata biyu su zo su kama mini."

Wata Bayarabiya mai sayar da kwanuka ce ta fara ture buhunan, tana cewa, "Ina take? Kai, ku ba ni wuri!" Wata Bafulatana ta ajiye ƙwaryar nononta ta bi ta. Suka ɗago ta cak, suka ɗora a kan tirela. Ta ja jiki da hannuwanta zuwa tsakiya, ta gyara mayafi, makirufo na hannunta.

Dariyar ta ɗauke. Kowa ya koma kallon ƙafafunta. Sai wani dattijo a gaba ya laluba aljihu, ya jefo sule, ya ce, "Allah ya sawwaƙe, baiwar Allah." Sulen ya yi ƙara a kan ƙarfen tirela. Wani ma ya sa hannu a aljihu. Hedimasta ya dube ni, irin kallon nan na ai na faɗa. Gaskiya gabana ya faɗi, kuma a karo na farko ba don kaina ba.

Ta ɗauki sulen, ta juya shi, sannan ta juyo kan mijin wasan da ke tsaye kamar an dasa shi.

"Ka gani ko, Malam? Ka ga abin da ka jawo mana? Ka ƙona masara, har Baba maƙwabcinmu ya fara ba mu sadaka! An ce maka nesa da gindi, nesa da gindi, kai ka tula kamar kana zuba wa tuwo miya!"

Ihun da aka yi ban taɓa jin irinsa ba. Dattijon da kansa ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Mai hannu a aljihu ya fito da shi wayam, ya shiga tafi. Daga nan babu wanda ya sake kallon ƙafarta, bakinta kowa yake bi. Ta wanke mijin tas, ta bayyana yadda ake zuba taki fiye da yadda malamin gona ya rubuta mana. Ni kuwa ina gefe da zanena, ban san abin yi ba, sai ta waiwayo.

"Ke kuma ƙanwar miji, tsayuwar me kike yi? Je ki ɗebo ruwa."

Na sauka sumui-sumui. Ƙarshen fitowata a mace ke nan.

Ita kuwa farkonta ke nan. Ta yi wasa a Malumfashi, Ƙarfi, Matazu, duk inda aka ji za ta zo kasuwa kan cika. Daga baya ta kafa tata ƙungiyar, ta ɗauki makaho da kurma, kuma ba ta taɓa ba su fitowar mabarata ba. Makahon ma a alƙali yake fitowa. Duk ɗakin taron da aka gayyace ta, sai an kafa katako ta hau da kekenta na guragu, in ba haka ba ta juya, ko wane ne babban baƙo. Na yi mata aikin ɗaukar lasifika shekaru, kuma ba ta daina kirana ƙanwar miji ba har Allah ya yi mata rasuwa.

Abin da na koya a ranar bai yi mini daɗi ba. Shekara biyu ina cewa tausayinta nake ji, ashe tafin da ake yi mini da muryarta nake tsoron rasawa. Tun daga nan, in na ji an ce an ɓoye mutum don a rufa masa asiri, nakan fara duba wanda ke tsaye a wurinsa.