Gishiri a Goshin Salamatu

Duk wanda ya ce maka mutanen Madarunfa sun yi wa Tani mai kifi adalci, to ko bai san ta ba, ko yana cikin waɗanda suka cuce ta. 'Yar garin Gabi ce, aure ya kawo ta bakin tafki shekara biyu bayan samun mulkin kai, ta kafa kaskon suya a ƙofar gidan mijinta Illo masunci. Ba ta da fara'a, wannan gaskiya ne, kuma bakinta ya fi barkono zafi. Amma kifinta ba ya kwantai.

'Ya'yanta biyu na fari tari ya kashe su tun ba su yi wayo ba. Majina mai kauri ta toshe musu ƙirji, ga ci, ga rama. Tani ta lura da abin da ba wanda ya lura da shi: zufarsu gishiri ce zalla, in ta bushe har fari take bari a goshi. Don haka da ta haifi Salamatu, ranar suna ta kai harshe goshin jaririyar, ta san abin da Allah ya ba ta. Gishirin na nan. Maƙwabciyarta Atika ma na nan bakin ƙofa tana kallo. Kafin a sauke tuwon suna gari ya ɗauka cewa Tani mayya ce, ita ke lashe 'ya'yanta.

Ba ta tsaya wanke kanta ba, aiki ke gabanta. Da kanta ta gano dabara: ta kwantar da turmi, ta kifa yarinyar a kai, ta yi ta buga mata baya da tafin hannu har majina ta fito. Safe da yamma, ko ranar salla ba fashi. Masu leƙe ta katanga suka ce kurwa take kaɗowa. Da wannan bugun Salamatu ta kai shekara bakwai, abin da yayyenta ba su gani ba.

Shekarar da aka yi fari, Illo ya tafi ci-rani Katsina, ciwon Salamatu kuma ya tashi da zazzaɓi. Tani ta goya ta zuwa asibiti. Majo, wato babban malamin jinyar wurin, ya ji tari ya nuna musu ɗakin masu tari, inda tsofaffi huɗu ke kwance suna tofar da jini a gwangwani.

"Majo, tarin ɗiyata ba irin nasu ba ne," in ji Tani. "In ta kwana nan, nasu za ta ƙara bisa nata."

"Ke ce likita ko ni?" in ji majo. "Ɗaki guda gare mu. In bai yi miki ba, ga hanya."

Ta ga hanyar, ta bi ta, ta dawo da kara da zana a ka. Bayan asibitin ta kafa rumfa ita kaɗai, a garin da ko akurkin kaji za a yi sai an kira gayya. Majo ya sa aka rushe. Ta sake kafawa. A karo na uku ya gaji da bakinta, ya riƙa zagayowa da allura yana tsaki, ita ma tana mayar masa.

Kwana biyar da fara allurar sai ga Garba, wan mijinta, da amalanken jaki da rabin unguwa a bayansa. Al'ada ce in an zargi mutum da kama kurwar wani, a sa shi ya tsallake majinyacin sau uku a gaban jama'a, wai ta haka yake sakinta. Wanda ya tsallaka kuwa ya amsa sunan ke nan har kabari.

"Tani, zaɓi biyu gare ki," in ji Garba. "Ko ki tsallake ta, ko in tahi da ita Safo wurin Innarmu. Ɗiyar ƙanena ce, ba ta gidanku ba."

"Yaya, wa zai buga mata baya can?"

"Bugun nan naki shi muke son raba ta da shi."

Tani ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tsane su har cikin ranta, kuma ta san a Safo yarinyar ba za ta yi wata guda ba. Ta shimfiɗa Salamatu a tabarma, ta ɗaure zani, ta tsallake ta. Atika ce ke ƙirgawa da ƙarfi. Garba ya juya jakinsa ba kowa a amalanke.

Bayan mako guda zazzaɓin ya sauka. Allura ce ta yi aikinta, majo ya sani, amma bai ga dalilin buɗe baki saboda matar da ke zaginsa kullum ba. Gari kuwa ya ce ga shaida: tana tsallakawa yarinya ta tashi. Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen kifinta, uwaye na janye yaransu in ta gifta, sai ta koma yin itace tana kaiwa ƙauyukan da ba a san ta ba.

Wata rana Salamatu na kife a turmi, tsakanin tari da tari ta ce, "Inna, da na mutu da sun san ƙarya suke yi miki, ko?"

Hannun Tani ya tsaya. Sannan ta ce, "Ja numfashi, ba mu gama wannan gefen ba."