Kazar da Ta Bi Zabin Daji

Jiya wani ɗan kabu-kabu ya wuce ni da kwandon zabi a baya suna ta ƙara, sai na tuna da gonar kakana da ke kan hanyar Dawce.

Idan ruwa ya fara janyewa, hatsi ya sunkuyar da kai, lokacin ne zabin daji ke fitowa daga cikin sabara da ƴaƴansu. Manya a gaba, matasa a tsakiya, wani tsohon zabo a baya yana ta waige-waige kamar mai rakiyar amarya. Kakana ba ya gajiya da kallonsu. Mu zauna gindin gawo, ƙanshin danyar ƙasa na tashi, yana ba ni labarin kowane gida, har da wadda ya ce mijinta rago ne.

Wata shekara, kakata ta sa wa jar kazarta ƙwan zabi, ta ƙyanƙyashe su, suka girma. Ta ware su don sunan ƙanwar babana, wadda cikinta ya tsufa. Sai kakana ya kawo shawara a kai su gona su ci fara, wai kafin suna sun yi ƙiba. Kakata ba ta so ba, amma ya nace, muka ɗauke su a kwando.

Muna buɗe kwandon, garken daji ya zo wucewa. Namu suka miƙa wuya, suka saurara, suka bi sahu a natse kamar dama su ake jira.

Da muka koma gida hannu wofi, kakata ta tambayi inda suke.

"Sun je gaida dangi," in ji kakana.

"Malam, ranar suna dangin za ka yanka wa baƙi?"

Washegari ta ɗaura ɗamara, ta saƙale jar kazar a hammata, ta ce da ni, "Taso, angona, tunda wancan mijin ba ya da amfani." Dabararta ita ce in suka ji kukan uwarsu za su fito. Muka laɓe, garke ya iso, ta ajiye kaza. Kaza ta yi kuka, ta tona ƙasa, ta hango ƴaƴanta suna ta kiwo cikin baƙi. Sai ta kwasa a guje ta bi su.

Kakata ta daɗe a tsaye. Kakana kuwa da ya ji labari, garin danne dariya tari ya kama shi, har da hawaye.

Duk kakar nan, garken da ya fi kowane farin jini shi ne mai jar kaza a wutsiya, tana haki, tana fama da ƙaya. Har daga gonakin maƙwabta ake zuwa kallo. Ranar suna kuwa, bunsurun kakana ne ya shiga tukunya.

Bayan an gama ɗaurin hatsi, kazar ta dawo ita kaɗai, ta rame, ta ƙi akurki, sai kwana bisa darbejiya. Kakata ta hana a yanka ta. Ta ce wannan ta fi mai gidan sanin daji.

Bara na kai yarana su ga wurin. An sare sabarar, gona ta haɗe da gona har bakin hanya, tsofaffin kuma sun riga mu gidan gaskiya. Yanzu ko kaza ta so gudu, ba ta da wanda za ta bi.