Dron a Kan Wurin Wankan Jego

Ni mutum ne mai saurin fushi, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa injin kwasar dutse a ƙarƙashin ƙasa a Akokan, har ramin ma'adinin ya rufe aka sallame mu, na dawo cikin Arlit na buɗe ɗan wurin liƙin ƙarfe a hanyar tasha. A duk shekarun nan ban taɓa ɗaga hannu na doki wani ba, amma in raina ya ɓaci unguwa takan sani. Matata ta san halina tun muna Damagaram. In ta ga jijiyar wuyana ta tashi sai ta ɗauki tsintsiya ta koma bayan ɗaki har in huce.

Abin ya faru ne lokacin da ta haifi 'yarmu ta huɗu. Surukata ta taso tun daga Matamai, kwana biyu a mota, don ta yi mata wankan jego da hannunta, domin a ganinta matan Arlit ba su san zafin ruwa ba. Safe da la'asar ake yi. A tafasa ruwa a rabin tano, wato durom, har ya riƙa tsalle, a zuba ganyen bedi, wato darbejiya, a kai kusurwar gida inda muka kewaye da bulo don wanka. Wurin ba shi da rufi, kuma duk unguwarmu haka ne. A garin da sai a shekara ba a ga ruwan sama na kirki ba, wa zai ɓata kwano a kan wurin wanka? Katanga dai ta fi tsawon mutum, kuma kowa ya san ƙa'ida. Wanda zai hau kan ɗakinsa gyaran eriya ko tankin ruwa sai ya tsaya ya ɗaga murya sau uku, "Maƙwabta, za a hau sama!", sannan ya jira mata su kintsa kafin ya taka tsani.

Ran da jaririyar ta kwana goma sha biyu na dawo da magariba, matata ta ce mini wani abu ya wuce ta saman gida yana ƙugi kamar zuma sun tashi, daidai lokacin da ake mata wanka. Na ce dron ne, ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto, na sha ganin irinsa a wurin biki. Na ci tuwona ban sake tunawa da zancen ba.

Washegari ya dawo, kuma wannan karon bai wuce ba, tsayawa ya yi a kan gidan. Surukata, wadda tun da na auri 'yarta ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba saboda kunya, tana zaune a tsakar gida da jaririyar a cinya lokacin da na shigo. Ba ta dube ni ba. Sai ta dubi jaririyar ta ce, "Ki gaya wa mai gidan nan, ni ban ba da ɗiyata don a riƙa kallonta daga sama ba. Abin nan yana da ido, na gan shi da idona."

Sai a lokacin na hango abin yadda yake. Wani ƙato yana zaune a wani wuri da salula a hannu yana kallon matata babu zane, kuma a garin nan bidiyon da ya shiga waya guda da safe, kafin la'asar ya kai Cibarakatan, ya kai Assamakka, direbobin manyan motoci suna miƙa wa juna. Ina da fallen kwano biyu a jingine a wurin aikina, aikin rabin awa ne in rufe kusurwar nan. Wallahi ban tuna da su ba. Bindigar babana na tuna.

Tsohuwar bindigar harbin zabi ce mai baki ɗaya, na zo da ita daga gida bayan rasuwarsa, tana naɗe cikin buhu a ƙarƙashin gado tare da harsashi uku. Ba ta da takarda. Wanda ya san Arlit ya san abin da wannan ke nufi. Ga sojoji a kowace mashiga ta gari, ga labarin 'yan tare hanya kullum a bakin mutane, mutum ya harba bindiga marar takarda a tsakiyar unguwa, ba ya buƙatar a gaya masa inda zai kwana. Na san duk wannan, kuma duk da haka rana ta uku na rufe wurin aiki tun azahar.

Na zauna a inuwar ɗaki da bindigar a kan gwiwa. Surukata ta gan ta, ta ci gaba da iza wuta, don a wurinta wanka ba ya fashi ko da sama za ta faɗo. Aka ɗibi ruwa, matata ta shiga kusurwar, na fara jin ƙarar ganye a jikinta. Gumi yana zuba mini a ido amma ban share ba. Can sai na ji ƙugin, tun daga nesa, yana matsowa. Ya ɓullo ta kan gidan maƙwabcina, fari, da ƙafafu huɗu da wata 'yar fitila tana ƙiftawa, ya zo daidai kanmu ya tsaya cak, bai fi tsawon falwayar lantarki biyu ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ƙarar ta daki katangu ta dawo, tattabaru suka watse, jaririyar ta tsala ihu a ɗaki. Abin ya karkace, ya juya sau biyu, ya faɗo kusa da turken awaki. Fitilar tana ƙiftawa har yanzu. Na ɗauko guduma na bi ta kansa har ya daina, na tone cikinsa na zaro ɗan katin da ake ajiye hoto a ciki, na jefa a wutar da ke ƙarƙashin tano, na tsaya har ya narke. A raina na ce shi ke nan, na kashe maganar.

Wanda ya fara isowa maƙwabcina ne, wani dattijo Ba'abzine da muka yi aikin rami tare. Ya yi sallama a ƙofa, na fita. Ya leƙa ya ga tarkacen, ya gyara rawaninsa ya ce a hankali, "Wannan abu in na soja ne, kai ya ƙare. Bindiga ina yake? Kawo shi." Na miƙa masa, ya sa ta ƙarƙashin babbar rigarsa ya shige gidansa. Sai a lokacin na tuna ko sau ɗaya ban tambayi kaina dron ɗin na wane ne ba.

Kafin ya dawo ƙofar gidana ta cika. Masu shago, masu dawowa daga masallaci, mata daga bakin ƙofofinsu, kowa yana tambaya me ya faru, wa aka harba, ɓarawo ne? Wani ya ce mini, "Haba, ka haukace ne, bindiga a cikin mutane?" Kalmar nan ta hauka ita ta sake kunna ni. Na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji, na ce, "Kwana uku ke nan abin nan yana tsayawa yana ɗaukar hoton iyalina tana wankan jego! In kai ne za ka zuba ido?" Aka ɗauki salati. Da yawa suka ce na yi daidai, har na ji daɗi.

Daga nan sai jira. Mutane suka ja baya suka tsaya nesa nesa, kowa yana duban bakin layi. Wata motar soja ta ɓullo a babban titi, ta rage gudu, sannan ta wuce. Na shiga gida na ce wa matata in an tafi da ni ta aika wa ƙanena a Agadas. Tana zaune a bakin gado lulluɓe da zane. Uwarta tana miƙa mata kunun kanwa kamar babu abin da ya faru.

Rana ta yi ja sosai lokacin da mai unguwa ya iso a bayan babur. Mai tuƙa shi wani siriri ne da zai kai shekara talatin da biyar, rataye da jaka, a hannunsa ga abin sarrafa dron ɗin da salula a maƙale. Ba soja ba ne. Muka shiga zaure mu huɗu da maƙwabcina. Da ya ga tarkacen da na zube masa a gaba sai idonsa ya kawo ruwa. Ya yi magana da harshen mutanen Tawa.

"Malam, mi na yi maka? Wallahi hilaye nike ɗauka. Wani Alhaji na son saida hilayenshi bayan unguwag ga, shi yat turo ni. Hasken la'asar ya hi kyau, shi ke nan."

Mai unguwa ya ce, "Da za ka bi ta kan gidajen mutane, ka sanar? Ka ce za a hau sama?"

"Baba, ni ban hau ba, ina ƙasa."

"Idonka ya hau," in ji mai unguwa.

Na ce ko ma me ya ɗauka ya zama toka, na ƙone katin. Mutumin ya dube ni kamar yana tausayina. Ya ɗaga salularsa ya ce katin ba shi ne kaɗai ba, duk abin da dron ya gani yana shigowa nan tun yana sama, na kwana ukun duka yana ciki. Na zauna a kan dakali. Ashe duk harbin da dukan gudumar nan ban taɓa komai ba.

Mai unguwa ya ce a duba, amma shi ba zai kalla ba. Maƙwabcina ya juya baya. Aka sa mutumin ya fuskanci bango yana gaya mini inda zan danna, ni kuma na ɗora salular a kan gwiwa. Na ga unguwarmu daga sama, rufin ɗakuna kamar kwalin ashana, layuka, can nesa tsaunukan ƙasar da aka tono daga rami. Da hoton ya tsaya wuri guda, sai na ga ashe gaba yake duba, wajen filayen da aka kakkafa wa duwatsu. Gidana yana can a gefen hoton, rabinsa ma ya fita. Awaki ɗigo ɗigo, ɗan hayaƙi, kusurwar wankan kuwa tururi ne kawai fari. Na duba na kwana ukun, na sake dubawa. Ban yarda da idona ba, na aika wa surukata da salular ciki. Ta daɗe tana kallo, sannan na ji ta daga bayan labule tana tambayar 'yarta, "Wai ina gidan yake a nan?"

An goge komai a gabanmu. Na yi ajiyar zuciya irin wadda ban taɓa yi ba. Washegari mai unguwa ya karɓi bindigar daga maƙwabcina ya kai ta wurin jandarmomi da kansa, aka kira ni, na wuni a kan benci ana yi mini tambayoyi, aka riƙe ta, aka ja mini kunne, dattawa suka sa baki na dawo gida. Tsakanina da mai dron ma dattawan ne suka raba. A ranar na rufe wurin wankan da kwanon nan biyu, na ɗauka an gama.

Abin da na fara lura da shi yawan 'yan barka ne. Matan da suka riga suka zo tun ran suna suka sake dawowa, har da waɗanda ba mu sani ba, su ɗauki jaririya a hannu amma idonsu yana kan uwar. Sannan wani direba ya kawo mini gyaran ƙofar mota, yana tsaye a kaina ya rage murya ya ce ya ji labarin wani a unguwar nan da aka ɗauki matarsa tana wanka, wai bidiyon yana yawo a Cibarakatan, wani abokinsa ya gani da idonsa. Bai san ni ne ba. Na rantse masa babu wani bidiyo, ya gyaɗa kai irin na wanda ya fi ka sani. Na bi mutane ɗaya ɗaya ina bayani, na sa mai unguwa ya faɗa a masallaci. Duk wanda na gaya wa cewa ba a ga komai ba, sai ya zama na ƙara tuna masa.

Da aka yi arba'in, surukata ta wanke kayan jaririya, ta fito da sabon zanen da matata za ta ɗaura ta zaga dangi da maƙwabta kamar yadda aka saba. Matata ta ninke zanen ta mayar cikin akwati. Na same ta a ɗaki na ce ta fita mana, ai ta san babu komai a hoton nan, uwarta ma ta gani, mutumin nan bai ga ko yatsanta ba.

Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba in muna magana mai nauyi. Ta ce, "Na sani, Malam. Shi ko a hanya muka gamu bai san ni ba. Kai ka tsaya a ƙofar gida ka faɗa wa gari."

Bayan kwana biyu ta bi uwarta Matamai, ni na kai su tasha. Wata biyar ta yi kafin ta dawo, kuma har yau ba ta bin layinmu zuwa kasuwa, ta baya take zagayawa. 'Yar nan yanzu tana gudu da ƙafarta. Rannan na ji wata mata a bakin famfo tana tambayar ɗiyar wace ce wannan, aka ce mata ai ɗiyar wadda dron ya ɗauka ce.