Hirar da Na Goge a Gaban Kawu

Kawu, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa kiran sunana ba. Sunan kakata aka sa mini, wato mahaifiyarsa, don haka tun ina goye yake ce mini Uwata. Direba ne a Maigatari, yana da tsohuwar motar kaya, wadda ake kira kanta, da yake ɗaukar gero da wake da awaki tsakanin nan da Nijar. Duk wanda ya san tashar garin ya san shi da surutu da dariya.

Shekarar da na koma jami'a yin digiri na biyu ina koyarwa a wata sakandare a Gumel, ƙarshen mako nake zuwa lacca. Aka raba mu rukuni-rukuni, mu huɗu aka ba mu bincike kan cinikin hatsi a bakin iyaka. Shugaban rukuninmu ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Sule Tankarkar, mutumin kirki, sai dai Allah ya zuba masa iyayi. Shi ya buɗe mana folda ɗaya a ma'ajiyar intanet da jami'a take ba ɗalibanta, inda kowa zai zuba abin da ya samo, sauran su gani daga duk inda suke. Ni kuwa na taɓa asarar hira uku ranar da wayata ta faɗa bokitin wanki, na yi ta mita har na ishi kowa. Sai ya karɓi sabuwar wayata, ya latsa nan ya latsa can, ya ce daga yau duk muryar da na ɗauka da kanta za ta hau folda. Na yi masa godiya, na kuma manta da zancen sarai.

Wata Alhamis, ranar kasuwa, na je Maigatari na samu Kawu a rumfar mai shayi kusa da tasha. Na roƙe shi ya bar ni in ɗauki muryarsa.

"Uwata, ke da kika haife ni, me zan hana ki?" in ji shi. "Kunna abinki."

Tambaya biyar na rubuto, duk a kan farashi da wahalar hanya. Amma Kawu in ya samu mai sauraro ba ya da birki. Daga farashin gero ya gangara lokacin da aka rufe iyaka, yadda motoci suka yi ta zama rana tana dukansu. Daga nan ya rage murya ya shiga ba ni labarin yadda aka rayu: hanyar dajin da 'yan babur suke bi da buhu bibbiyu, gonar da ake saukewa, mutumin da yake tsayawa a kan tudu ya duba ko 'yan duwan suna tafe, haka yake kiran 'yan kwastan irin na mutanen Damagaram. Ya ambaci mutum huɗu da sunayensu da na ƙauyukansu. Kuma daga yadda yake magana na gane hanyar ba ta mutu ba, har ranar ana bin ta.

Da ya kai ƙarshe sai ya tsaya yana kallon wayar a kan benci. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Kai, na yi ɓaranɓarama. Uwata, goge wannan. Mutanen nan masu iyali ne, amana ce tsakaninmu."

Ban yi musu ba. Na juya masa fuskar wayar, na danna, ya ga layin ya ɓace. Ya ce in sake dubawa, na duba, babu. Ya sauke ajiyar zuciya, ya saya mini tsire na tafi da shi gida.

Ranar Litinin, lokacin hutun tara, ina ɗakin malamai ina cin ƙosan da ya huce, na buɗe guruf ɗin ajinmu na jami'a. Sai ga saƙon shugaban rukuninmu tun da safe. Wai malamin da ke duba mu ya yaba yadda muka tsara foldarmu, shi ne ya buɗe ta ga duk mai linki don sauran rukunoni su koya. Har da hoton babban yatsa. Na yi tsaki na ce iyayi dai ba ya ƙarewa, na danna don in ga me aka yaba.

A can ƙasa, cikin hirarrakina, ga wata mai kwanan watan Alhamis. Ta fi sauran tsawo nesa ba kusa ba.

Na sa abin ji a kunne na taɓa ta, sai muryar Kawu, tar, yana cewa "Kunna abinki." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe tun muna zaune a rumfar mai shayi, kafin ya gama tunanin ya yi kuskure, wayar ta riga ta tura. Abin da na goge a gabansa na cikin wayar ne kawai.

Ajinmu mutum ne fiye da talatin, kuma a cikinsu akwai wani jami'in kwastan da aikinsa yake wannan yankin namu. Mutum ne mai shiru, kullum a layin gaba yake zama, bai taɓa yi mini komai ba. Amma aikinsa aikinsa ne, kuma in ya ji abin da ke cikin hirar nan ban ga yadda zai yi kamar bai ji ba.

Na danna gogewa. Ta ƙi. Na sake dannawa, wayar ta ce ba ni da izini. Sai a lokacin na tuna: makonni biyu baya ɗaya daga cikinmu ya share jadawalin farashi bisa kuskure, shugaba ya fusata ya kulle, kowa yana iya zubawa amma shi kaɗai ke iya cirewa. Har ni na goya masa baya a ranar, da bakina.

Na kira shi, ba ta shiga ba. Na sake kira. A karo na huɗu ya ɗauka, iska tana ta bugun wayar.

"Malama, ina hanyar Gagarawa, ta'aziyya za mu. Kin ga yabon da muka sha?"

"Rufe linkin nan yanzu! Yanzu-yanzu!"

"Me? Ba na jin ki sosai."

"Na ce ka rufe foldar! Akwai abin da bai kamata a ji ba!"

"To, to, bari in koma ofis da yamma, a kwamfuta ya fi sauƙi."

Layin ya katse. Wallahi da yana gabana da na shaƙe shi. Yamma? Na rubuta masa saƙo uku a jere, babu wanda ya nuna ya isa.

Aka kaɗa ƙararrawa, ina da darasi da 'yan aji biyar. Na shiga na rubuta musu aiki a allo, ban san ma me na rubuta ba, na tsaya bakin taga da waya a hannu. A saman foldar akwai 'yan da'irori da ke nuna mutanen da suke ciki a lokacin. Da yake a buɗe take ga kowa, ba sa nuna suna. Biyu ne, suka zama huɗu, suka koma uku. Na yi tunanin in rubuta a guruf cewa don Allah kada kowa ya buɗe hirar Alhamis, sai na ga ai wannan kiran mutane ne su zo su buɗe. Na yi tunanin in canja mata suna, nan ma babu izini.

Wajen sha ɗaya da rabi jami'in nan ya yi rubutu a guruf. Kalma huɗu: "Aiki ya yi kyau." Na karanta ta fi sau goma. Jadawalin ya gani? Hotunan kasuwa? Ko ya zauna ne ya saurari Kawu daga farko har ƙarshe?

Na nemi izini wurin shugabar makaranta na ce gida ba lafiya, na fita bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi, na ci gaba da kiran shugaban rukuninmu. Sai bayan azahar ya ɗauka, suna Gagarawa Tasha suna jiran mota ta cika. Wannan karon ban bar shi ya yi magana ba. Na ce masa rayuwar mutane ce a ciki, in bai cire ba yanzu, ni da shi har abada. Na tsaya a kan layi yana latsawa yana guna-guni, wai ai da na faɗa masa tun farko. Ya rufe linkin, ya goge hirar, na sa shi ya shiga kwandon shara na foldar ya goge ta a can ma.

"Wa da wa suka saurara?" na tambaye shi.

"Ba ya nunawa, Malama. Buɗe take ga kowa."

"Wani zai iya saukewa a wayarsa?"

Ya ce zai iya.

Awa shida ta yi a buɗe. Na tsaya a bakin titi, masu adaidaita suna ta yi mini hon, zuciyata tana ce mini in yi shiru. An goge, wataƙila babu wanda ya ji, Kawu kuma ba zai taɓa sani ba. Na so in bi wannan shawarar, ba zan ɓoye ba. Amma akwai mutum huɗu da za su hau babur su bi hanyar nan cikin makon, ba su san komai ba. Na wuce tasha na shiga motar Maigatari.

Na samu Kawu a ƙarƙashin kantarsa shi da makanike. Ya fito yana goge hannu da tsumma, fuskarsa a washe.

"A'a, Uwata! Yau ba kasuwa ba, lafiya?"

Na ja shi gefe na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya saurara bai katse ni ba, abin da ban taɓa gani ba.

"Amma na ga kin goge," ya ce. "Da idona na gani."

"Na goge na wayar, Kawu. Ta riga ta aika wani wuri."

"Kin san tana aikawa?"

An faɗa mini, na yi godiya ma. Na ce, "Na sani, na manta."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ni kuwa na fi son ya yi. Ya tambaya ko sunayen suna ciki, na ce suna ciki. Ya ce to, dole ya je ya same su ɗaya bayan ɗaya kafin magariba, ya gaya musu da bakinsa cewa ya zauna a rumfar mai shayi ya zayyana su a cikin waya.

Har yau ban san ko wani ya saurari hirar ba. Ba a kama kowa ba, jami'in nan kuma bai taɓa ce mini komai ba har muka gama. Mutanen dai sun bar hanyar, sun kuma bar Kawu. Mahaifiyata ta ce mini biyu daga cikinsu ko gaisuwarsa ba sa amsawa, mutanen da suka yi shekara ashirin suna cin tuwo a kwano ɗaya.

A ranar da na faɗa masa, Kawu ya ari babur ɗin makanike. Ya hau, ya tayar, sannan ya juyo ya dube ni.

"Ki koma kafin mota ta yi wuya, Malama," ya ce. "Ki gaida gida."